Sai An Riƙe Kafin A Yanke

Ya Ubangiji, Ka san halina. Na fi son in tarar da abu inda na ajiye shi. Na fi son gobe ta yi kama da jiya. In aka ce za a matsar da ni, ko da taki ɗaya ne, sai gabana ya faɗi tun ban ji inda za a kai ni ba.

Da wannan zuciyar na yi sallar asuba. Da ita nake zaune a gabanKa yanzu. Ba sai na yi Maka dogon bayani ba.

Kwanan nan ana ta raɗe-raɗin canjin wurin aiki. Takarda ba ta fito ba, amma sunana na cikin waɗanda ake ambata. Ni kuwa na saba da Dawakin Kudu. Na san hanyar da ke fitar da ni Tamburawa, na san wadda ke kai ni ɗan filin da nake nomawa ta wajen Bunkure. Na san mutanen da zan gaisa da su, har na san abin da za su amsa mini.

Abin da Ka sanya mini a zuciya da safen nan kuwa ƙwayar masara ce.

A filayen noman rani gonaki ƙanana ne, kuma a manne suke da juna. Wannan ya shuka farar masara, maƙwabcinsa ya shuka ja. Iska ta kwashi bununi daga nan ta zuba a can. In aka ɓare goyo, sai a ga launi biyu sun cakuɗe a totuwa ɗaya. Kowane manomi ya san dalilin wannan.

Wadda ke tsayar da ni daban ce. Ƙwaya ɗaya ce tak, amma da launi biyu a jikinta. Fara ce, sai ɗigo-ɗigon shunayya a fatarta, wani babba, wani ɗan mitsitsi da sai ka kusanto da ita ido za ka gan shi. Ka juya ta a tafin hannu, ka kankare da farce, launin ba ya fita. Ba kullum ake cin karo da irinta ba. Sabon irin da ake saya a leda duk kala ɗaya yake fitowa.

Wata baiwarKa a Amurka, Barbara McClintock, ta zauna da irin waɗannan ƙwayoyi shekara da shekaru. A Cold Spring Harbor take aiki, cikin jihar New York. Ita ke shuka masararta, ita ke haɗa bununin wannan da gemun wancan da hannunta, sannan ta koma ɗaki ta duƙufa a kan madubin ƙara girman abu.

Ka gina kowane mai rai da 'yan ɗakunan da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sel. A cikin kowanne Ka ajiye dogon zare mai ɗauke da rubutun gado, wato DNA, da haruffa huɗu kacal. A masara zaren guda goma ne, kowanne da abokin tagwaicinsa. Masanan zamanin McClintock sun ɗauka kowane umarni a rubutun nan yana da mazauninsa, ba ya gusawa har abada.

Ita kuwa sai ta ga wani guntu da ba ya zama. A zare na tara ta fara ganinsa, inda yake sa zaren ya tsinke, ta sa masa suna Ds. Can sai ta tarar ya bar wurin, ya ɓullo a wani. Zuwa 1948 ta tabbatar tashi yake yi. A 1950 ta buga abin da ta gani.

In guntun nan ya faɗa tsakiyar umarnin da ke ba fatar masara launi, sai umarnin ya daina aiki, ƙwaya ta fito fara. To amma ƙwaya tana girma ne ta rabuwar sel, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Ana cikin haka sai guntun ya tashi daga cikin wani sel guda. Umarni ya koma daidai. Wannan sel da duk waɗanda za su fito daga gare shi sai su yi launi. Shi ne ɗigon.

In ya tashi da wuri, ɗigon ya yi faɗi. In ya makara, ɗigon ya yi ƙanƙanta. Wanda ya iya dubawa zai ɗauki ƙwaya ɗaya ya faɗi wane tashi ne ya riga wane.

Ya Ubangiji, ashe tashin da babu wanda ya shaida shi ma yana da lokacinsa, kuma yana barin shaida.

Akwai abin da ya fi wannan taɓa ni. Ds ba ya iya tashi da kansa. Sai in akwai wani guntun a cikin sel ɗin, wanda ta kira Ac. Shi Ac ne ke ɗauke da umarnin ƙera sinadarin da ke yin aikin. Ds ba shi da wannan. Abin da yake da shi kawai alama ce a bakinsa biyu, wadda za a gane shi da ita. In babu Ac, zai zauna inda yake, zuriya bayan zuriya.

Na daɗe a kan wannan. Ina ta fargabar tashi, ina ta ƙulla yadda zan zauna, sai ka ce ɗayansu a hannuna yake. Ban kawo kaina garin nan ba. Ba ni zan fitar da kaina ba.

Da ta yi wa masana bayani a taron 1951, yawancinsu ba su gane ba. Ta ci gaba da shukarta. Sai da aka ga irin waɗannan guntaye a cikin bakteriya, daga ƙarshen shekarun 1960, sannan aka waiwayo ta. An ba ta kyautar Nobel a 1983, tana da shekara 81. A shekarar ne kuma Nina Fedoroff da abokan aikinta suka ware Ac daga cikin rubutun masara, aka samu damar karanta shi harafi-harafi.

Tsawonsa haruffa kusan 4,500 ne. A kowane bakinsa akwai haruffa 11, na wannan baki kusan juyin na wancan ne. A tsakiya kuma ga umarnin ƙera sinadarin nan, wanda ake kira tiransifozes. Furotin ne, jerin amino asid 807, daga cikin ma'aikatan jiki da ake ce wa inzayim.

Yadda yake aikinsa ne ya zaunar da ni da safen nan.

A shekarar 2000 masana a Jami'ar Wisconsin suka fitar da siffar wani ɗan'uwansa, wanda ke ɗaukar guntun da ake kira Tn5 a cikin bakteriya. Sun kama shi yana riƙe da zaren. Sai ga shi ba shi kaɗai yake aiki ba, su biyu ne. Ɗaya ya kama bakin hagu, ɗaya ya kama bakin dama. Zaren ya lanƙwasa, su biyun su haɗu su rungumi juna.

Kafin wannan haɗuwar babu yanka. Ka tsara su ta yadda wanda ya riƙe bakin hagu, bakin dama zai yanke, wanda ya riƙe na dama kuma shi zai yanke na hagu. Ke nan babu wanda zai iya gaggawa shi kaɗai. Sai an tabbatar bakin biyu suna hannu, sannan a raba guntun da mazauninsa.

Sai an riƙe, sannan a yanke. Ni kuwa kullum yankan nake hange. Ban cika tuna abin da ke gabansa ba.

Wurin yankan ɗan lungu ne a jikin furotin ɗin. Amino asid uku ne a ciki, biyu iri ɗaya, na ukun ɗan'uwansu. Aikinsu su riƙe ƙwayoyin magniziyam guda biyu. Su kuma waɗannan su saita ƙwayar ruwa guda ɗaya daidai gaɓar zaren, ruwan ya raba gaɓar. Da ruwa ake yin yankan farko. Ba a ƙona wani makamashi, saiti ne kawai.

Mu da muke cin abinci da ruwan Tiga, wannan ya isa ya sa mu yi shiru. Tun da aka gama madatsar a 1974, zamanin Audu Bako, ruwan da da yake wucewa abinsa aka juyo shi ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. An tashi ƙauyuka kafin a tare shi. Waɗanda aka tasa sun ji a jikinsu, kuma Kai Ka san sunan kowannensu. Mu muka zo muka tarar da shinkafa da alkama da tumatir a tsakiyar rani.

Bayan yanka ma sinadarin ba ya saki. Bakin nan biyu da aka yanke suna nan a ɓoye cikin jikinsa. Haka zai ɗauki guntun har ya samu sabon wuri. A can zai buɗe zaren, ya haɗa bakin da shi a motsi ɗaya, gaɓa ta kwance, gaɓa ta ƙullu. A wata ƙwayar cuta mai kama bakteriya, wadda ake kira Mu, an ga riƙon yana ƙara ƙarfi ne mataki bayan mataki. In aiki ya kammala, sai wani furotin daban ya zo ya ɓamɓare shi, don shi da kansa ba zai saki ba.

Masu dashen shinkafa a Kura sun san wannan da hannunsu. Mutum ya duƙa a wurin renon iri, ya kama shukar daga gindi, can ƙasa kusa da saiwa, sannan ya ja. Ya kaɗa ta cikin ruwa laka ta zube, ya ɗaure dami, ya ɗauka. A sabon fangali ya cusa ta da yatsu uku cikin taɓo, ba ya ɗaga hannu sai ta tsaya. Kwanakin farko za ta yi laushi, ganye ya ɗashe, wanda bai sani ba ya ce ta mutu. Bayan 'yan kwanaki sai a ji manomi na cewa ta kama. Da an bar ta a cunkoson da ta tsiro, da ba ta yi 'ya'ya haka ba.

Ya Ubangiji, ba na son kwanakin laushin nan. Gaskiyar ke nan. Amma na ga suna cikin lissafi.

Sabon wurin ma ana yi masa alama. Sinadarin ba ya buɗe zaren a miƙe, yakan yanka ɗaya daga igiyoyinsa biyu a nan, ɗayar kuma 'yan haruffa gaba. Da sel ya cike giɓin, sai haruffan su maimaitu a gefe da gefen baƙon. A Ac haruffa 8 ne, a Tn5 kuma 9. Da wannan ake gane inda guntu ya sauka, ko bayan zamani mai tsawo.

Tsohon wurin kuwa sel ne ke ɗinke shi. Sau da yawa ɗinkin ba ya komawa yadda yake, akan bar 'yan haruffa a wurin. Tabo ne. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali ta wata fuska da ban zata ba. Wurin da mutum ya bari zai rufe, aiki zai ci gaba ba da shi ba, kuma hakan rahama ce ga waɗanda suka rage. Amma ba ya zama kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba.

Ba zan ƙawata abin fiye da yadda yake ba, tunda a gabanKa nake. Sinadarin nan makaho ne. Bai san alheri ba, bai san sharri ba. Wani lokaci guntun da ya yanke ba ya samun masauki, sai ya ɓace. Wani lokaci ya sauke shi a tsakiyar umarni mai amfani, ya ɓata shi. Tn5 da masana ke sha'awar siffarsa, abin da yake ɗauke da shi kariya ce daga magungunan kashe bakteriya. Irin waɗannan guntaye suna cikin dalilan da ke sa a ba mara lafiya magani ya ƙi ji.

Ƙwayar cutar ƙanjamau ma da irin wannan lungun, da magniziyam ɗinsa biyu, take cusa rubutunta cikin na ɗan Adam. Maganin dolutegravir da ake bayarwa a asibitocinmu can yake zuwa ya zauna, ya kama ƙarfen nan biyu, aikin ya tsaya. Ka bar cutar, Ka kuma bar ƙofar da za a bi a tare ta, sannan Ka ba bayinKa basirar gano ƙofar.

Saboda haka ba ga sinadarin na dogara ba. Shi yakan yar da kaya. Abin da na gani a jikinsa ɗan haske ne kawai daga tsarin da Kai Ka shimfiɗa. In abin da ba shi da ido ba ya yanka sai ya riƙe, ina ga Wanda Ya halicci ido?

Kuma wannan aikin yana gudana a cikin jikina yanzu haka. A ɓargona ana haifar sojojin jini, kowanne da makamin da zai gane wata cuta. Cututtuka ba su ƙirguwa, rubutun gado kuwa yana da iyaka. To ta yaya ake samun makamai iri-iri har haka? Furotin biyu ne, RAG1 da RAG2, suke yanka rubutun a cikin kowane sabon soja, a harhaɗa guntayen ta sabuwar hanya. Su ma sai sun haɗa alamomi biyu kafin su tsinke zaren. A 1998 aka nuna cewa a kwalbar gwaji suna iya ɗaukar guntu su dasa shi a wani wuri, irin aikin tiransifozes sak. Masana na ganin daga can asalinsu yake. Jaririn da aka haifa ba su aiki a jikinsa, ƙaramar cuta ma tana iya kayar da shi.

Ke nan duk zazzaɓin da na tashi daga gare shi, duk rigakafin da ya kama a jikin 'ya'yana, akwai hannun wannan yanka da haɗi a ciki. Ban roƙa ba. Ban ma san ana yi ba. Ina barci Kana yi mini.

Da aka karanta rubutun masara gaba ɗaya a 2009, sai aka tarar kusan kashi 85 cikin ɗari irin waɗannan guntaye ne da burbushinsu. Mafi yawansu ma ba masu tashi su bar wuri ba ne, kwafin kansu suke yi su aika wani wurin. A ɗan Adam sun kusa rabi. Amma galibinsu shiru suke. Sel yana liƙa musu wata 'yar alama da ke hana a karanta su, wasu kuma sun tsufa sun lalace. Da duka za su motsa lokaci ɗaya, da babu shukar da za ta kai girbi. Zama shi ne mai yawa, tashi ɗan kaɗan ne, a kan lokaci.

Wannan ma na gode Maka a kansa. Shekarun da na yi a wuri ɗaya kyauta ce, ba haƙƙina ba ne.

McClintock ta lura guntayen nan sun farka ne a cikin shukokin da zarensu ya sha tsinkewa. A jawabinta na karɓar kyauta ta tsaya a kan wannan, cewa rubutun gado yakan amsa girgiza da sake tsari. Ban san girgizar da ke gabana ba. Na dai san akwai abubuwan da Ka ajiye a cikina da ba su taɓa motsi ba, saboda ban taɓa buƙatarsu ba.

Ga kuma tsayuwar masara kanta. Kakarta wata ciyawa ce a Meziko mai rassa barkatai da 'yan ƙananan zangarnu. Masararmu kuwa kara ɗaya take tashi, ta zuba ƙarfinta a goyo. A 2011 John Doebley da ɗalibansa suka nuna cewa wani guntu mai yawo, da ake kira Hopscotch, shi ne ya sauka nesa kaɗan da umarnin da ke hana rassa fitowa, ya ƙara masa ƙarfi. Mutane sun fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Guntun kuwa, a lissafinsu, ya riga wannan sauka da aƙalla shekara 10,000.

Shekara dubu goma yana zaune a cikin ciyawar daji, babu wanda ya san amfaninsa. Manomin da zai zaɓe shi ba a haifi kakannin kakanninsa ba. Amma Kai Ka riga Ka ga tuwon da za a tuƙa a Dawakin Kudu, da gasasshiyar masarar da yara ke sayarwa a bakin titin Zariya.

Ni kuwa ina so in ga amfanin kowane canji kafin sati ya zagayo.

Ka koya mini jira, ya Ubangiji. In takardar ta zo, Ka sa in karɓe ta da hannu biyu. In ba ta zo ba, Ka sa in zauna ba tare da na ɗauka wayona ne ya zaunar da ni ba.

Kuma ba ni kaɗai ake matsarwa ba. Akwai amaryar da za a kai ɗakinta a garin da ba ta san kowa ba, Ka haɗa ta da surukai masu tausayi. Akwai waɗanda rashin tsaro ya kora daga ƙauyukansu a Zamfara da Katsina, suna kwana a inda ba su zaɓa ba, Ka mayar da su gonakinsu lafiya. Akwai 'yan cirani da suka baro gida suka zo dashe da tsinkar tumatir, tun ɗazu sun fita, ƙafafunsu cikin ruwan sanyi. Ka tsare su daga maciji da zazzaɓi, Ka sa masu gona su biya su haƙƙinsu cikakke kafin magariba.